Wi-Fi ya ƙi haɗuwa kafin a yi login a kwamfutar domen: yadda nake bin sawun matsalar

Kusan kullum a hanya ɗaya abin yake zuwa. Ka shirya laftof, ka saka ta a domen, wato netwok ɗin ofis da ake sarrafa akawun da kwamfutoci daga wuri ɗaya, ka gwada da akawun ɗinka komai lafiya lau, sai ka miƙa wa sabon ma'aikaci ya rubuta sunansa da faswod, kawai sai Windows ta watso masa saƙon nan "We can't sign you in with this credential because your domain isn't available", ko tsohon nan na da "There are currently no logon servers available". Ka karɓa ka shiga da naka, ta buɗe, Wi-Fi ya kama, har ka fara zargin ko bawan Allahn ne bai rubuta faswod daidai ba. Toh ba laifinsa ba ne. Kai ka shiga ne saboda Windows ta ajiye shaidar shigarka ta baya, tana riƙe ta mutum 10 in dai ba a taɓa setin ɗin ba, shi kuwa bai taɓa shiga wannan na'urar ba, dole sai ta je ta tambayi DC, wato sabar da ke riƙe da akawun ɗin kowa, kuma ba ta da hanyar zuwa tunda Wi-Fi bai tashi ba tukuna.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai: a allon login babu mutum. Babu wanda ya shiga, don haka babu faswod ɗin kowa, babu satifiket ɗin kowa, wato takardar shaida ta dijital. Kwamfutar ce da kanta za ta je bakin ƙofa ta ce ni ce wance, da nata akawun ɗin da ke cikin Active Directory (AD), kundin akawun na domen. Duk gwajin da ka yi bayan ka shiga, shaidar mutum ka gwada, ba ta na'ura ba, shi ya sa yake ruɗar mutane haka. A tsarin 802.1X, wanda shi ke tantance mai neman hawa Wi-Fi ɗin, mutum uku ne a maganar, laftof ɗin da ke neman shiga, AP, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, da ke tare ƙofa, sai sabar RADIUS da ke yanke hukunci, wadda a yawancin wuraren da ke amfani da Windows Server ita ce NPS (Network Policy Server). AP bai san kowa ba, ɗan aike ne kawai. Aikinka shi ne ka gano a ina saƙon ya maƙale.

Fara da maimaita matsalar yadda ya kamata

Cire kebul, cire ta daga dok in akwai, don da yawa dok ɗin na da nasa netwok da ke rufa wa matsalar asiri. Sannan ka yi ristat na gaske, ba shutdown ba, saboda Fast Startup na sa abin da kake gani kamar an kashe ya zama rabin barci ne kawai. Ni dai shutdown /r /t 0 nake bugawa. In ta dawo allon login kar ka shiga, ka barta kamar minti biyu, ka kalli alamar netwok a ƙasan allo, ka rubuta lokacin da agogo ya nuna. Wannan lokacin da ka rubuta shi zai cece ka anjima in ka shiga log mai layi dubbai. In alamar netwok ba ta fito ba kwata-kwata, wataƙila an kunna "Do not display network selection UI" a GPO ne, wato saitin da domen ke tura wa kwamfutoci, ba komai, ka duba daga kwantirolan Wi-Fi ko ka yi mata ping daga wata kwamfutar.

Furofayil ɗin da ke kan na'urar

Yanzu shiga, ka buɗe cmd a matsayin admin, ka buga netsh wlan show profiles, zai jero maka furofayil, wato saitin haɗuwa da Wi-Fi da ke ajiye a na'urar. Abin da kake nema shi ne a wane rukuni sunan Wi-Fi ɗin ya faɗo. In yana ƙarƙashin "Group policy profiles" madalla. In an rubuta "All User Profile" shi ma zai iya aiki. In kuwa "Current User Profile" ne, toh ka kama ɓarawon tun a nan, furofayil ɗin na mutum ɗaya ne, kafin ya shiga kamar babu shi.

Daga nan ka fitar da shi ka karanta da idonka, netsh wlan export profile name="sunan-wifi" folder=C:\Temp zai ba ka fayil na XML. Nemi authMode. In ka ga user, kwamfutar ba za ta taɓa gabatar da kanta ba, zama za ta yi tana jiran mutum. Ana so ya zama machine ko machineOrUser. Nemi connectionMode shi ma, ya zama auto, don manual na nufin sai an danna da hannu, a allon login kuma wa zai danna. In Wi-Fi ɗin ɓoyayye ne ba ya shelar sunansa, sai nonBroadcast ya zama true. Ka kuma duba rubutun SSID, wato sunan Wi-Fi ɗin, harafi-harafi, babba da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa.

Gyaran ba a kan laftof ake yinsa ba, a GPO ne: Computer Configuration, Policies, Windows Settings, Security Settings, sai Wireless Network (IEEE 802.11) Policies. In ka duba can komai daidai amma na'urar ba ta da shi, gpresult /scope computer /h C:\Temp\gp.html zai nuna maka ko folisin ya sauka, kuma sau da yawa za ka tarar kwamfutar na zaune a OU, wato rukunin ajiya a AD, wanda ba a rataya masa GPO ɗin ba, ko ma tana nan cikin Computers inda sabbi ke faɗawa. Ka leƙa sabis ɗin WLAN AutoConfig ma ka tabbatar yana kan Automatic. In Intune, manhajar Microsoft ta sarrafa na'urori ta intanet, ke tura furofayil ɗin, ka tura wa rukunin na'urori, ba rukunin mutane ba.

Akwai ɗaurin gwarmai ɗaya a nan da ya kamata ka sani. Sabuwar kwamfuta na buƙatar netwok kafin ta karɓi GPO da satifiket, kuma tana buƙatar GPO da satifiket kafin ta hau netwok. Babu wata dabara a ciki, karon farko da kebul ake yi, gpupdate /force, ristat, sannan a cire.

Je ka tambayi NPS abin da ya gani

Wallahi nan ne na fi ganin mutane na ɓata yini guda a banza. Ana ta sake direban Wi-Fi, ana goge furofayil ana mayarwa, ana cire na'ura daga domen ana sake sakawa, alhali sabar ta riga ta rubuta dalilin ƙin amincewarta da lamba, ba wanda ya je ya karanta. Shiga sabar NPS, Event Viewer, Custom Views, Server Roles, Network Policy and Access Services, ka je daidai lokacin nan da ka rubuta. Lamba uku kake nema: 6272 an yarda, 6273 an ƙi, 6274 an jefar da buƙatar. A wurin Account Name ya kamata ka ga abu mai kama da host/ sai cikakken sunan kwamfutar. In sunan mutum kawai kake gani, na'urar ba ta ma gwada ba, koma kan furofayil.

In babu komai sam, kafin ka yanke hukunci ka tabbatar ana rubutawa: auditpol /get /subcategory:"Network Policy Server". In a kashe yake sai ka kunna da /set da /success:enable /failure:enable. In a kunne yake kuma shiru, leƙa log ɗin System. Lamba 13 daga NPS na nufin saƙo ya zo daga adireshin da ba a yi masa rajista a RADIUS Clients ba, wannan na faruwa in an ƙara sabon AP ko an canza wa kwantirola IP. Lamba 18 kuma kusan kullum kalmar sirrin da ke tsakanin AP da sabar ce ba ta zo ɗaya ba. In nan ma shiru, toh saƙon bai iso ba, ka bi hanyar UDP 1812 da 1813 ta fayawol. Windows Server 2019 na da wani sanannen hali, dokokin fayawol na NPS suna nan a rubuce amma ba sa aiki, maganinsa sc sidtype IAS unrestricted sannan ristat.

In kuwa 6273 ka samu, gangara ƙasa ka karanta Reason Code. Ga waɗanda na fi cin karo da su.

48 na nufin babu network policy ɗin da ya dace da buƙatar, 49 kuma connection request policy ne bai dace ba. Dalilin 48 da ya fi yawa a wannan matsalar tamu shi ne an saka Domain Users kaɗai a sharaɗi, an manta kwamfuta ba mutum ba ce, tana cikin Domain Computers. Sai wani tarkon da ya taɓa cin min sa'o'i a wani wuri da na yi aiki: an saka sharaɗin Machine Groups daban, an saka User Groups daban a folisi ɗaya, da niyyar ko wannan ko wancan. NPS kuwa sharuɗɗa daban-daban haɗa su yake yi, sai duka sun cika, kuma buƙata ɗaya ba ta zama ta na'ura ta kuma zama ta mutum a lokaci guda, don haka babu mai wucewa. Ko dai ka zuba rukunan biyu cikin sharaɗi ɗaya na Windows Groups, ko ka yi folisi biyu. Ni biyu na fi so, don log ɗin zai riƙa gaya maka wanne ne ya amsa.

65 izinin Dial-in ne a kan akawun ɗin kwamfutar a AD, ko ka mayar da shi "Control access through NPS Network Policy" ko ka sa folisin ya yi watsi da shi. 66 da 22 duk rashin jituwa ne kan irin EAP, wato hanyar gabatar da shaida, na'ura na magana da PEAP sabar na jiran EAP-TLS ko akasin haka, amma 22 kan fito kuma in satifiket ɗin sabar kanta ya lalace ko babu shi. 265 sarkar satifiket ce ba a yarda da tushenta ba. 259 sabar ta kasa duba CRL, wato jerin satifiket ɗin da aka soke. 16 kuwa shi ne mai ban haushi, cewa yake shaidar ba ta dace ba, kuma abubuwa da yawa na fakewa a bayansa, za mu zo kansu.

A gefen laftof ɗin ma akwai nata labarin. Event Viewer, Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, WLAN-AutoConfig, Operational. 12011 an fara 802.1X, 12012 an yi nasara, 12013 an faɗi, 8001 an haɗu, 8002 haɗin ya ƙi. In kana son ganin komai a shafi ɗaya, netsh wlan show wlanreport zai haɗa maka rahoton kwana uku da suka wuce. Ka jera lokutan gefen biyu kusa da juna. In laftof ta ce 12013 amma NPS bai rubuta ƙin amincewa ba, akwai yiwuwar ita laftof ɗin ce ta juya baya saboda ba ta yarda da sabar ba.

Satifiket, inda yawancin rigimar take

Ɓangare biyu ne kuma kowanne na duba ɗan'uwansa. Fara da na sabar. Buɗe network policy ɗin, Constraints, Authentication Methods, Edit, ka ga wane satifiket NPS ya ɗauka. Ka duba ranar ƙarewarsa, ka duba yana da Server Authentication. In ranar Litinin kowa ya kasa haɗuwa lokaci guda alhali Juma'a lafiya aka tashi, kafin komai nan za ka fara dubawa. Kuma in sabar ta sabunta satifiket ko an ƙara mata wani, kar ka ɗauka wanda kake so ta zaɓa, ka buɗe ka gani.

Sannan a furofayil ɗin Wi-Fi akwai wurin da aka ce a tantance sabar, da sunayen sabobin da aka yarda da su, da tushen CA, wato mai bayar da satifiket, da aka yi wa alama. Dole sunan da ka rubuta ya zo daidai da na jikin satifiket ɗin, kuma dole tushen ya kasance a ma'ajiyar Trusted Root ta kwamfutar, ba ta mutum ba. Ga inda abin yake da wayo: in mutum ya shiga kuma akwai shakku kan sabar, Windows kan iya fito masa da tambaya ko ya yarda, ya danna Connect ya wuce. A allon login babu wanda za a tambaya, sai haɗin ya mutu shiru. Shi ya sa za ka ji ana cewa ai yana yi in na shiga. Windows 11 ta ƙara tsanani a wannan tantancewar fiye da Windows 10, furofayil ɗin da ya shekara yana tafiya da gurguwar ƙafa sai ya tsaya cak bayan afgired, kuma a 21H2 har babban harafi da ƙarami na sunan sabar sai da ya zama abin lura. In an sabunta tushen CA kuma, tambarin yatsan satifiket (thumbprint) da ke cikin furofayil na tsohon ne, sai ka koma GPO ka yi wa sabon alama.

Don Allah kar ka cire alamar tantance sabar don abu ya yi aiki. Na san yana yi, na ga an yi. Amma ma'anarsa duk wanda ya kafa AP da sunan Wi-Fi ɗinku, na'urorinku za su je su miƙa masa kansu. In za ka cire don gwaji, a na'ura ɗaya, na minti biyar, ka mayar.

Sai na kwamfutar, in EAP-TLS kuke yi, wato shiga da satifiket. Buɗe certlm.msc, lura da kyau, lm, ba certmgr.msc ba, wancan na mutum ne. Cikin Personal ya kamata ka ga satifiket mai sunan kwamfutar, da Client Authentication a cikin amfaninsa, lambarsa 1.3.6.1.5.5.7.3.2, da cikakken sunan DNS na na'urar a Subject Alternative Name, kuma in ka buɗe shi ya ce kana da private key. In babu shi, duba ko an kunna Auto-Enrollment a GPO na kwamfuta, da ko Domain Computers na da izinin Enroll da Autoenroll a kan tamfilet ɗin, sai ka sa kebul ka buga certutil -pulse. In an canza wa kwamfutar suna bayan ta karɓi satifiket, sunan jikinsa tsoho ne, sai an sake. In satifiket ɗin sun yi yawa, misali wata manhaja ta zuba nata, Windows na iya ɗaukar wanda ba shi ba, don haka ka shiga Advanced a saitin satifiket na furofayil ka taƙaita zaɓin ga CA ɗinku.

A gefen sabar kuma CA ɗin da ya bayar sai ya kasance cikin NTAuth, jerin CA da domen ya yarda da su don shiga, certutil -viewstore -enterprise NTAuth zai nuna maka. Batun 259 kuwa, ka fitar da satifiket ɗin na'urar ka kai kan sabar NPS ka buga certutil -verify -urlfetch da sunan fayil ɗin. Wanda ya fi kama mutane shi ne CRL na tushen CA da ake ajiyewa a kashe, ana sabunta shi da hannu ne, wanda ya kafa shi ya bar aiki, ranar da ya ƙare sai komai ya tsaya.

Akwai kuma canjin da Microsoft ta kawo da KB5014754 a watan Mayun 2022, wanda ya ce dole satifiket ya ɗauru da akawun ɗinsa ɗauri mai ƙarfi, suna kaɗai bai isa ba. CA ɗin da aka yi wa afdet yana saka SID, wato lambar shaidar akawun ɗin, a cikin satifiket, a ƙarƙashin lamba 1.3.6.1.4.1.311.25.2, kuma daga Fabrairun 2025 aka fara tilastawa. Tsofaffin satifiket da waɗanda Intune ya bayar ta SCEP ba tare da an ƙara SID ba su ne ke faɗawa ciki, a NPS sai ka ga 16, a log ɗin System na DC kuma ka nemi lamba 39 daga KDC. Gyaran na gaskiya shi ne a sake bayar da satifiket ɗin da SID a ciki. Wani abu kusa da wannan, na'urar da ke Entra kaɗai, wato kundin akawun na Microsoft da ke intanet, ba ta da akawun a AD na cikin gida, NPS kuma a AD yake nema, don haka shaidar na'ura ta wannan hanyar ba za ta wuce ba komai kyan satifiket ɗinta.

Kar ka manta agogo. Laftof ɗin da ta daɗe a ajiye batirin agogonta ya mutu, ta tashi tana ganin wata shekara daban, a wurinta satifiket ɗin sabar bai fara aiki ba ko ya ƙare. Kerberos ma, tsarin da ke tantance shiga domen, saɓanin minti 5 kawai yake yafewa. Agogon na nan a allon login, kallo ɗaya ne.

In PEAP da MSCHAPv2 kuke yi

A nan kwamfutar da faswod ɗin akawun ɗinta take shiga, wanda ita ke canzawa da kanta duk kwana 30. In an dawo da ita daga tsohon kwafin sistem (image), ko an sake saka wata na'ura da suna iri ɗaya, ko wani ya yi reset ɗin akawun ɗin, abin da ke hannunta da abin da ke AD sun saɓa, NPS ya ce 16. Sa kebul, shiga da admin na cikin na'ura, ka buga Test-ComputerSecureChannel a PowerShell, in ya ce False ka ƙara -Repair da -Credential. Ba sai ka cire ta daga domen ba.

Babban abin da ya canza wa PEAP rayuwa shi ne Credential Guard. Daga Windows 11 22H2 ana kunna shi da kansa a kan Enterprise da Education in na'urar ta cika sharuɗɗa, aikinsa kuma killace shaidun shiga, MSCHAPv2 na cikin tsofaffin hanyoyin da yake hana su taɓa abin da ya killace. Alamar ita ce, tsofaffin laftof na haɗuwa, sabbi ko waɗanda aka yi wa afgired sun ƙi, da furofayil iri ɗaya. Buɗe msinfo32 ka gangara ƙasa wurin Virtualization-based security Services Running, in ka ga Credential Guard ka samu amsarka. Za ka iya kashe shi ta GPO, mutane na yi, amma ra'ayina an gudu ne ba a tsira ba, ka sayar da kariyar da ke hana satar shaidu don ka riƙe hanyar da ita kanta Microsoft ke cewa a bari. In dole ne a kashe don aiki ya tafi wannan makon, a kashe, amma a sa ranar komawa EAP-TLS. In kuna da CA a gida, tamfilet ɗin Workstation Authentication da autoenroll da folisi ɗaya a NPS sun kusa gama aikin.

NPS ya ce 6272 amma har yanzu domen ba ya samuwa

Toh an buɗe ƙofa, matsalar ta koma ciki. Duba wane VLAN, wato sashen netwok, aka jefa na'urar. Wurare da yawa na ba kwamfuta VLAN mai ƙuntatawa kafin mutum ya shiga, ba laifi, amma dole daga can ta samu DHCP mai raba adireshin IP, ta samu DNS na cikin gida mai nemo sabobi da sunansu, ta kai ga DC ta fot 53 da 88 da 389 da 445 aƙalla. Duba a sabar DHCP ko ta karɓi adireshi a lokacin. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin babu wanda ya amsa mata. In DNS ɗin da aka ba ta na waje ne, intanet zai yi amma ba za ta taɓa gano DC ba, nltest /dsgetdc: da sunan domen ɗinku zai tabbatar maka.

Akwai kuma wanda ke rataye a tsakiya, ba a ƙi ba ba a yarda ba, musamman EAP-TLS in tsakanin AP da NPS akwai VPN ko dogon layi. Satifiket manya ne, fakitin ya rabu gida-gida, wani fayawol a hanya ya zubar da gutsattsarin. Ƙara Framed-MTU a Settings na network policy ka sa 1344, shi ne adadin da Microsoft ta ba da shawara.

Wani lokacin kuma komai daidai ne, sauri ne kawai ya yi yawa. Na'ura mai SSD na kai wa allon login kafin Wi-Fi ya gama gaisawa, mutum ya buga faswod nan take, ta ce babu domen, ya jira daƙiƙa ashirin ya sake sai ta shiga. A log ɗin System za ka ga 5719 daga NETLOGON da 1129 daga GroupPolicy daidai lokacin tashi. Kunna "Always wait for the network at computer startup and logon" a ƙarƙashin System, Logon, in bai isa ba ka ƙara "Specify startup policy processing wait time". Kar ka zuba lamba mai yawa, don wanda ya buɗe laftof a inda babu netwok ɗinku shi zai sha jiran.

Ya haɗu kafin login, ya yanke bayan an shiga

Wannan ƙanin matsalar ne kuma daga machineOrUser yake zuwa. Da mutum ya shiga, Windows na ajiye shaidar na'ura ta ɗauko tasa. In EAP-TLS ne kuma sabon mutum ne, ba shi da satifiket tukuna, netwok ɗin da zai karɓo shi da shi kuma yanzu aka yanke. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kuna buƙatar shaidar mutum a Wi-Fi ɗin. In ba kwa raba mutane VLAN-VLAN, ka mayar da shi Computer authentication kawai, rabin ciwon kan ya tafi. In kuna rabawa, akwai Single Sign On a Advanced na furofayil, da zaɓin "Perform immediately before user logon", da akwatin da ke cewa netwok ɗin na amfani da VLAN daban ga na'ura da mutum, wanda ke sa ta nemi sabon IP bayan sauyin. Ka sani dai shi wannan zaɓin na kafin login da faswod ɗin da aka buga yake aiki, don haka duk abin da na faɗa kan Credential Guard ya shafe shi.

In duk ka bi waɗannan ba ka kama bakin zaren ba, sai a ɗauki zancen tun daga tashin na'ura: netsh trace start scenario=wlan capture=yes persistent=yes, ristat, jira a allon login, shiga, netsh trace stop. Wannan persistent ɗin shi ke sa ɗaukar ta tsallake ristat. Ka kunna log ɗin CAPI2 ma kafin nan, a kashe yake zuwa, shi ke faɗin takamaiman satifiket ɗin da aka ƙi da dalili.

Bayan ka yi gyara, ka ƙirƙiri sabon akawun na gwaji wanda bai taɓa shiga wannan laftof ɗin ba, ka cire kebul, ka yi ristat, ka ga 6272 da host/ a NPS tun kafin ka taɓa kibod, sannan ka shiga da sabon akawun ɗin ka zauna minti biyar kana kallon ko Wi-Fi zai yanke. Ka maimaita a kan Windows 10 ɗaya da Windows 11 ɗaya in kuna da duka biyun, sannan ka goge akawun ɗin gwajin.